Daga Rataya zuwa Lilo: Asali da Ma'anar Kalmar *Pendulum*

Tsakure

Wannan takarda ta bi sawun kalmar *pendulum* tun daga aikatau na Latin mai nufin rataya har zuwa shigarta Ingilishi a ƙarni na 17, ta kuma duba sunayen da wasu harsuna suka raɗa wa abin. Matsayarta ita ce sunan ya kama abin ne yana tsaye cik, alhali duk amfaninsa a motsinsa yake, kuma wannan giɓi ya shafi yadda ya kamata a koyar da shi da Hausa.

Gabatarwa

Ɗalibin kimiyya a sakandaren Kano ko Zariya ya san gwajin: a ɗaura ɗan dunƙulen ƙarfe a bakin zare, a rataye shi, a ja shi gefe a sake, sannan a ƙidaya kai-komonsa ana duba agogo. Malami ya ce sunan abin *pendulum*, bakin Bahaushe ya mayar da shi fendulum. Takwaransa na Damagaram ko Maraɗi ya yi irin wannan gwaji, sai dai shi *pendule* aka ce masa. Da wuya a tsaya a gaya wa ɗayansu abin da kalmar take nufi a gidansu. Da za a tambaye su, da yawa za su ce tana nufin abin da ke lilo, ko abin auna lokaci. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a cikinta. Ma'anarta ta asali ita ce abin da yake a rataye.

Saiwar kalmar da danginta

Latin yana da aikatau biyu da ake rubuta su iri ɗaya, *pendere*, tsawon wasalin tsakiya ne kaɗai ya raba su. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa, wanda ya san cewa tsawon wasali da karin sauti su ke raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Mai dogon wasali yana nufin abu ya kasance a rataye. Mai gajeren wasali yana nufin mutum ya rataya abu a kan ma'auni, wato ya auna shi. Daga na farkon aka sami sifar *pendulus*, mai nufin ratayayye, wadda tsofaffin marubutan Rum suka yi amfani da ita. Latin yana da jinsi uku, namiji da mace da na uku wanda ba namiji ba mace, kuma *pendulum* ita ce siffar wannan jinsi na uku. Da malaman ƙarni na 17 suka tsayar da ita ita kaɗai a matsayin suna, sai ta zama "ratayayyen abu".

Masana tarihin harsuna suna mayar da saiwar can baya zuwa wani tsohon tushe na harsunan Indiya da Turai mai ma'anar ja ko miƙewa, kuma suna danganta shi da kalmomin Ingilishi na kaɗi da na gizo-gizo. Hoton a fili yake: zare da nauyi ya ja shi ya miƙe.

Aikatau na biyu shi ya fi haihuwa. Kafin Rumawa su fara buga kuɗi, da guntayen tagulla suke biya, kuma sai an ɗora su a sikeli. Saboda haka aunawa ta zama biya. Daga nan *pensio* ta fito, wato biyan kuɗi, kuma ita ce kakar fansho da ma'aikacin gwamnati yake jira bayan ya ajiye aiki. Daga *pensum*, abin da aka auna, Sifaniyawa suka sami *peso*, kuɗin da Meziko da Filifin suke kashewa har yau. Daga *dispensare*, rabawa da awo, aka sami disfensare, ɗakin shan maganin da aka sani a ƙauyuka tun zamanin En'e. Ɗan takarar indifenda kuwa daga aikatau na farko ya gangaro: shi ne wanda bai rataya a jikin wata jam'iyya ba.

Mafi daɗin labari a wannan dangi shi ne na fam. Rumawa suna cewa *libra pondo*, ma'ana libra guda a bisa awon nauyi, kuma *pondo* 'yar wannan gida ce. Ingilishi ya ɗauki rabi na biyu ya yi *pound*, amma wajen taƙaita rubutu ya riƙe rabin farko, shi ya sa ake ganin *lb* a jikin kaya da kuma alamar £ a jikin kuɗi. Hausa ta karɓi fam ta wajen kuɗi, har bayan sauyin kuɗi na 1973 dattawa suka ci gaba da kiran naira biyu fam guda. Laba ta awon nama da auduga kuwa ana danganta ta da libra. Ke nan 'yan uwan fendulum sun daɗe da zama a kasuwar Kurmi kafin shi ya shigo aji.

Akwai kuma reshen tunani. *Pensare*, maimaita awo, ita ta ba Faransanci *penser*, yin tunani. Bahaushe bai aro wannan daga kowa ba, amma shi ma yana cewa a auna magana kafin a faɗe ta.

Igiyar magina da fitilar Pisa

Me ya sa aka sa wa abu mai motsi sunan tsayuwa? Amsar tana hannun magina. Shekaru dubbai kafin wani ya damu da lilon nauyi a bakin igiya, an san amfaninsa idan ya natsu: shi ke nuna wa magini ko bango ya miƙe. Rumawa suna kiran wannan igiya mai dalma a ƙarshenta *perpendiculum*, kuma Vitruvius, mai littafin gine-gine, ya san ta da wannan suna. Ga magini, lilon igiyar cikas ne. Jira yake ta tsaya ya yi aikinsa. Da masana suka fara sha'awar lilon kansa, sai suka ɗauki sunan da ke hannu. Giovanni Battista Riccioli, malamin falaki na Bologna, a littafinsa *Almagestum Novum* na 1651 *perpendiculum* ya kira abin, bayan ya tara 'yan uwansa limaman Jesuit sun kwana sun wuni suna karɓeɓeniya wajen ƙidaya kai-komonsa don a gwada shi da tafiyar taurari. Har yau Bajamushe yana iya kiran fendulum ɗin tsohon agogo *Perpendikel*.

Wanda ya juyo da hankalin duniya daga tsayuwa zuwa motsi shi ne Galileo Galilei, haifaffen Pisa a 1564. Labarin da aka fi sani shi ne wai yana matashi ya ga fitila tana reto a babbar majami'ar Pisa, ya auna ta da bugun jijiyar hannunsa, ya lura cewa ko lilon ya yi faɗi ko ya ragu lokacinsa ɗaya ne. Almajirinsa Vincenzo Viviani ne ya rubuta wannan a 1654, shekara 12 bayan rasuwar malamin, kuma fitilar da ake nuna wa baƙi a yau a 1587 aka ƙera ta, bayan lokacin da aka ce abin ya faru. Abin da ke da tabbas shi ne wasiƙar da Galileo ya aika wa Guidobaldo del Monte a watan Nuwamba 1602, inda ya bayyana wannan daidaito na lokaci. A littafinsa na 1638 da aka buga a Leiden ya kafa ƙa'idar da ɗalibai suke haddacewa: tsawon igiya ke yanke lokacin lilo, kuma in ana so lokacin ya ninka sau biyu sai a ninka tsawon sau huɗu. Galileo da Italiyanci ya rubuta littafin, don haka a bakinsa abin *pendolo* ne.

Likita ne ya fara cin moriyarsa. Santorio Santorio, abokin Galileo, ya yi na'urar da ya kira *pulsilogium*: zai yi ta rage ko ƙara tsawon zare har lilon ya yi daidai da bugun jijiyar majinyaci, sannan ya karanta tsawon zaren a jikin ma'auni. Zazzaɓi ya zama abin da ake aunawa da tsawo.

A rubuce-rubucen Latin na wannan zamani akwai wata doguwar siffa, *funependulum*, daga *funis*, igiya, wato abin da ke rataye a igiya. Marin Mersenne na Faris ya yi amfani da ita, haka ma Isaac Newton a *Principia* na 1687. Doguwar kalma ba ta jure yawan faɗa, sai gajeriyar, *pendulum*, ita ce ta ɗore.

Agogon Huygens da yaɗuwar sunan

Da abin ya tsaya a ɗakunan masana, da sunan bai wuce littattafan Latin ba. Agogo ne ya fito da shi titi. Galileo ya tsara agogo mai fendulum a 1641 bayan ya makance, ɗansa Vincenzio ya fara ƙera shi amma ya rasu a 1649 bai gama ba. Christiaan Huygens na ƙasar Holan ne ya yi wanda ya yi aiki a ƙarshen 1656, aka ba da izinin mallakar fasahar a watan Yuni 1657, maƙerin agogo Salomon Coster na Hague ya shiga ƙera su. Agogunan da aka saba da su kafin nan suna iya kuskuren minti 15 a rana. Na Huygens ya sauko da kuskuren zuwa wajen sakan 15. A 1658 iyalin Fromanteel sun riga sun fara tallar irin wannan agogo a Landan, domin ɗansu John ya yi aiki a shagon Coster. Shekara biyu bayan haka, a 1660, kalmar ta bayyana a Ingilishi a littafin Robert Boyle kan gwaje-gwajensa da famfon zuƙe iska. Ingilishi bai taɓa ta ba, ya haɗiye ta da wutsiyarta ta Latin, shi ya sa jam'inta yake zuwa iri biyu, *pendulums* da *pendula*.

Faransanci ya yi wani abu da ɗaliban Nijar suke tuntuɓe da shi har yau. *Le pendule*, namiji, shi ne ratayayyen nauyin. *La pendule*, mace, ita ce agogon da ke ɗauke da shi, kuma daga baya ta zama sunan agogon bango ko na kan tebur ko da batir yake aiki da shi. Sashe ya ba gaba ɗaya suna. Irin wannan tafiya ce agogo ya yi a Hausa: kalmar daga Yarbanci take, inda take nufin ƙararrawar ƙarfe, kuma ƙarfen da ake bugawa ne ya bar mana "ƙarfe nawa?"

Huygens da kansa ya ji cewa rataya ba ta isa ba. Babban littafinsa na 1673 ya sa masa suna *Horologium Oscillatorium*, agogo mai lilo. Ita wannan kalma ta biyu ana mayar da ita ga *oscillum*, ƙaramin hoton fuskar gunkin Bacchus da manoman Rum suke ratayawa a bishiya iska tana kaɗa shi. Tun daga nan kimiyya ta raba aiki tsakanin kalmomi biyu, ɗaya ga abin, ɗaya ga motsinsa.

Nauyin da bai shiga lissafi ba

Dangin kalmar galibinsu masu awon nauyi ne, amma nauyin dunƙulen ba ya cikin abin da ke yanke lokacin lilo. Newton ya gwada wannan da hannunsa. Ya rataye akwatunan katako iri ɗaya a zare mai tsawon ƙafa 11, ya zuba musu zinariya, azurfa, dalma, gilashi, yashi, gishiri, itace, ruwa da alkama, ya ga duk tafiyarsu ɗaya. Wannan gwaji yana cikin ginshiƙan da ya ɗora hujjarsa ta janyowar ƙasa a kai.

Abin da ke shiga lissafi, ban da tsawo, shi ne ƙarfin wannan janyowa a inda ake tsaye. A 1672 Jean Richer ya kai agogon da aka daidaita a Faris zuwa Cayenne, kusa da ikwaita a Kudancin Amurka, sai ya ga yana baya da minti biyu da rabi kullum. Dole ya rage tsawon fendulum ɗin da kusan milimita 3. Newton ya fassara wannan da cewa duniya ta kumbura a tsakiya kuma juyawarta tana rage wa abubuwa nauyi a can. Lamarin ya shafe mu kai tsaye: Kano tana digiri 12 ne arewa da ikwaita, don haka agogon fendulum da aka daidaita a Faris, in aka kafa shi a Kano ba tare da an taɓa shi ba, zai riƙa yin baya da wajen minti biyu a rana. Fendulum mai bugun sakan guda tsawonsa kusan santimita 99.4 ne a Faris, a Kano kuwa wajen 99.1.

Wannan ɗan bambanci ne ya hana fendulum zama uban mita. John Wilkins a 1668 da Tito Livio Burattini a 1675 sun ba da shawarar a ɗauki tsawonsa a matsayin ma'aunin duniya, Talleyrand ya sake kawo maganar a majalisar Faransa a 1790, amma a 1791 Cibiyar Kimiyya ta Faris ta zaɓi awon da'irar duniya, ɗaya daga cikin dalilanta kuwa shi ne tsawon yana sauyawa daga wuri zuwa wuri.

Wani zai kawo hujja da agogon majalisar Ingila da aka fi sani da Big Ben, inda ake ɗora tsofaffin kwabbai a kan fendulum don gyara tafiyarsa, kowane kwabo yana sa shi gaba da sakan 0.4 a rana. Ai ga nauyi ya yi aiki. Amma kwabon a sama ake ɗora shi, yana ɗaga cibiyar nauyin kaɗan, wato ya gajarta tsawon da ke aiki. Ƙa'idar Galileo ce dai take tafiya.

Harsunan da suka zaɓi motsi

Ba kowane harshe ne ya bi Latin ba. Mutanen Huygens suna cewa *slinger*, mai wurwurawa. Rashawa suna cewa *mayatnik*, 'yan Polan *wahadło*, Japanawa *furiko*, duka daga aikatau na kaɗawa. Turkawa kuwa, ko da suka ƙirƙiri tasu, *sarkaç*, ga rataya suka koma.

Larabci ya tara uku. Akwai *bandul* ta aro, akwai *raƙƙas*, mai rawa, akwai kuma *nawwas* daga aikatau mai nufin reto, saiwar da aka ce daga ita mawaƙin Bagadaza Abu Nuwas ya sami laƙabinsa saboda tukkayen gashin da suke reto a kansa. A nan ya kamata a gyara wata magana da ta yaɗu a littattafai, cewa Ibn Yunus, masanin falakin Alƙahira da ya rasu a 1009, ya auna lokaci da fendulum. Asalinta wani rubutu ne na Edward Bernard na Oxford a 1684, kuma David King, wanda ya yi nazarin ayyukan Ibn Yunus, ya nuna cewa babu wannan a cikinsu. Darajar Ibn Yunus tana cikin jadawalinsa na taurari da na lokutan salla, kuma sun ishe shi.

Har a harsunan da suka gaji kalmar Latin, ma'anar motsi ce ta ci nasara daga baya. A Jamus *Pendler* shi ne wanda ke zuwa aiki wani gari ya koma gida kullum, a Italiya *pendolare*. Jirgin ƙasan Italiya mai karkata a kwana sunansa Pendolino. 'Yan jaridar Ingila suna aron kalmar idan masu zaɓe suka juya daga wata jam'iyya zuwa wata. A duk waɗannan babu wanda ke tuna rataya.

Abin da ya rage wa Hausa

Hausa tana da kayan aiki fiye da yadda Latin ya samu a farko. Tana da rataya ga aikin ɗaurawa a sama, tana da reto ga kaɗawar abin da ke rataye, tana da lilo ga cikakken kai-komo wanda kowane yaro ya san shi a jikinsa tun daga igiyar da aka ɗaura a reshen darbejiya. Ra'ayin wannan takarda shi ne a bar fendulum a matsayin sunan na'urar, domin ɗalibi zai tarar da shi a takardar jarrabawa da Ingilishi ko da Faransanci, kuma ba baƙo ba ne a harshen da fam da fansho suka zauna. Amma bayanin ya tafi da kalmomin gida: motsin a kira shi lilo, zuwa da dawowa guda lilo ɗaya, lokacin da ya ɗauka lokacin lilo, nisan da ya buɗe faɗin lilo. Malamin da ya ce lokacin lilo yana bin tsawon igiya, ba ruwansa da nauyin mai hawa, ya faɗi ƙa'idar 1638 cikin jimlar da ɗan aji ɗaya zai iya gwadawa da ƙanensa a tsakar gida.

Akwai kuma gwajin da jami'o'in ƙasar Hausa za su iya kafawa da kuɗi kaɗan. A 1851 Léon Foucault ya rataye dunƙule mai kilo 28 a waya mai tsawon mita 67 a ginin Panthéon na Faris, jama'a suka ga layin lilon yana juyawa a hankali saboda duniya tana juyawa a ƙarƙashinsa. Saurin wannan juyi yana bin nisan wuri daga ikwaita. A Faris digiri 11 ne da 'yan kai a awa, zagaye guda kusan awa 32. A Kano kuwa digiri 3 ne da ɗan ɗoriya a awa, zagaye guda wajen awa 115, kusan kwana biyar. Dogon zaure, waya mai ƙarfi da dunƙulen ƙarfe sun isa ɗalibi ya auna wannan da kansa, ya kuma fitar da matsayin garinsu a doron ƙasa daga abin da ya auna.